Gwajin Hannun Sabuwa

A unguwar Maguzawan da ke yamma da Ƙarfi, babu wanda zai iya ce maka ga shekarar da aka haifi Sabuwa. An dai ce shekarar fara ce, amma ai fara ba sau ɗaya ta zo ƙasar nan ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin dunduniya, ba ta da yawan ado, kuma tun tana budurwa abu ɗaya aka san ta da shi, wato iya shuka. In maza suka yi gaba da sungumi suna saran ramuka, mata na biye da ƙoƙon iri, ita kaɗai ce ba ta duban ƙasa. Hannu ya ɗebo, ƙwaya biyar ta faɗa rami, dunduniya ta rufe, ta wuce gaba tana hira da ta kusa da ita.

Labo ta aura, ƙanen Ɗanasabe. Gidansu babban gandu ne, baki wajen talatin, Ɗanasabe ne maigida. Tsarin gidan kuwa kamar na kowane gida a unguwar: daga safe zuwa rana tsaka kowa yana gonar gandu, bayan nan kowace mace ta nufi gayaunarta, wato 'yar gonar da aka yanka mata ta kanta. Da hatsin gayauna mace take ci da kanta da 'ya'yanta a watannin da aka rufe rumbun gandu. Saboda haka macen da ba ta da gayauna baƙuwa ce a gidan, ko da ta shekara ashirin a cikinsa. Ta Sabuwa tana gindin wata ɗorawa, ba ta da girma, amma ba ta taɓa ba ta kunya ba.

A bazarar 1962 sanƙarau ya shigo unguwar. Cikin kwana tara ya ɗauke Labo, ya ɗauke 'yarsu Tani mai shekara shida, ya koma ya ɗauke ƙanenta Manu da aka yaye bai fi wata biyu ba. Duk ukun Sabuwa ce ta yi jinyarsu. Ita ta tallabe musu wuya, ita ta ɗura musu ruwa da tafin hannunta. Da aka binne na ƙarshen, mata suka zauna suna jiran ta fasa kuka su kama ta, har suka gaji suka tashi. Ba dauriya ba ce. Ita kanta ta nemi baƙin cikin a ƙirjinta ba ta same shi ba, ba ta kuma sami komai a madadinsa ba. In an ba ta tuwo ta ci, in an ce ta matsa ta matsa.

Ruwan shuka ya sauka tana cikin kwanakin zaman makoki. Ba ta fita gona ba sai a rana ta huɗu, lokacin ƙasa ta fara bushewa, kuma an shuke ko'ina sai 'yan layukan bakin daji. Iri ma sai abin da ya rage a gindin tulu. Ta shuka abin da aka ba ta. Da tsiro ya fito, layukanta suka zama gibi-gibi, nan biyu can babu. A wannan shekara ba wanda ya ce uffan.

Da damina ta zagayo, Tsohuwa, uwar su Ɗanasabe, ta ce a yi hattara. A bar Sabuwa ta shuka daga ƙarshe, a can bakin daji, kada kuma a saka iri mai kyau a hannun da ba a tabbatar da shi ba. Wannan ita ce dabarar manya. Aka ba ta busasshiyar ƙasa da ragowar iri a mahadar kurege da makwarwa, aka koma gefe ana jiran a ga abin da zai faru. Abin da zai faru ya faru.

"Hannun nan ya ɗauko mutuwa," in ji Tsohuwa.

Ba don mugunta ta faɗa ba. Ɗa ta rasa da jikoki biyu, tana neman inda za ta ajiye abin. Amma magana in ta fita ba ta tafiya ita kaɗai. Kafin kaka wata ta ƙara da cewa, ai da wannan hannun aka shayar da mutum uku ruwa. Sabuwa ta ji. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi musu ba, ta karɓa kamar an ce mata yau Talata. Daga ranar aka hana ta taɓa iri. Yara kuwa ba wanda ya hana ta, ita ta hana kanta. In yaro mai rarrafe ya nufo ta, sai ta tashi ta ba shi wuri.

Ɗanasabe mutum ne mai adalci, amma adalcin mai baki talatin yana da iyaka. Gab da daminar 1964 ya kira ta gindin rumbu.

"Ƙanwata, gona ba ta kwana biyu ba shuka. Bara matata Ladidi ta shuka maki gayauna, bana ta yi nauyi da nata aikin. In ba ki iya shukawa, dole in ba wata. Ki yi tunanin dangin ubanki can wajen Tsiga."

Ya san gidan ubanta ya watse tuntuni, sai kufai. Ita ma ta san ya sani.

"To, Maigida," ta ce.

A tsakanin nan itace take sara tana kaiwa garin da ke da makarantar boko, tafiyar sa'a guda. Cikin masu saye akwai Shafa'atu, matar Malam Isyaku mai koyar da 'yan aji shida darasin gona da kimiyya. Shi wannan malami mutumin Maska ne, siriri, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma Allah ya ɗora masa wata cuta: ba ya iya jin "an ce" bai tambaya "wa ya gwada" ba. Duk gwangwanin da matarsa ta ajiye, in ta waiwaya sai ta tarar ya cika shi da ƙasa ya shuka wake a ciki. Dattawan gari suna gaisawa da shi a gurguje, don kada ya tsare su da tambaya.

Wata safiya Shafa'atu ta miƙo wa Sabuwa irin kuɓewa, ta ce ta taimaka ta jefa mata a bayan ɗaki tunda ita 'yar gona ce. Sabuwa ta ja da baya.

"Kada ki ba ni, uwar ɗaki. Hannuna na kashe iri."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa ƙafarta na ciwo. Malam yana zaure yana gyaran kekensa, ya ji. Ya fito hannu duk baƙin mai, ya sa ta zauna, ya shiga jero tambayoyi. Wace rana ta shuka? Sauran fa, wace rana? Wane gefen gona? Irin daga saman tulu ko daga gindi? Tana amsawa yana lanƙwasa yatsu.

"Rana daban, wuri daban, iri daban, hannu daban," ya ce. "Abu huɗu. To, yaya aka yi aka san hannun ne a cikinsu?"

"An ce."

Ba kyau mutum ya yi murna a gaban mai irin wannan labari, amma Malam bai iya ɓoyewa ba. Fuskarsa har sheƙi take. Wata uku yana neman abin da zai sa yaran nan su gane mene ne gwaji, ga shi an kawo masa har gida a bisa kai, tare da itace. Tausayinta ya zo masa, ba a ce bai zo ba, amma daga baya ya zo.

Ranar kasuwa ya hau keke har unguwar. Ɗanasabe ya shimfiɗa masa buzu, ya saurare shi har ya gama.

"Malam, mu ba mu shiga allonku. Abin gidanmu kau ba na allo ba ne."

"Gaskiya ne, Maigida. Amma inda ba ƙasa ake gardamar kokawa. Ga lambun makaranta, ga iri, ga damina ta zo. A shuka a gani. In bai tsira ba, ni zan fara cewa kun yi gaskiya."

Ɗanasabe ya daɗe yana murza taba a tafin hannu. Ba maganar Malam ce ta shige shi ba. Korar matar ƙanensa ce ta tsaya masa a wuya, yana neman wanda zai raba shi da kayan. Ya ce ya yarda, da sharaɗi: daga tulunsa za a ɗebi irin, kuma da idonsa zai gani. In dawar ta tsira, gayauna ta Sabuwa ce. In ba ta tsira ba, maganar ta ƙare, ba mai sake tayar da ita.

Ranar da za a yi shukar, Sabuwa ta zauna a ƙasa bakin ƙofar aji, faccalarta Ladidi, matar Ɗanasabe, tana gefenta. A ciki Malam yana rubutu a allo yana karantawa da ƙarfi, yara suna maimaitawa.

"Na farko tambaya. Shin hannun Sabuwa yana hana dawa tsira? Na biyu zato. Mutanen gidansu suna zaton yana hanawa, ni ina zaton ba ya hanawa. Zato ba laifi ba ne, amma ba shaida ba ne, nawa da nasu duka. Na uku gwaji, shi ne alƙali."

Ya ce a gwaji abu ɗaya tak ake sauyawa, sauran duka a daidaita su. Ƙasa ɗaya, safiya ɗaya, ƙoƙo ɗaya, zurfin rami ɗaya, ƙwaya biyar-biyar, hannu kaɗai ne zai bambanta. Ya ce layukan Ladidi su ne layukan shaida, domin in ba ka da abin da za ka kwatanta da shi, ko dawa ta mutu ba ka san ko dama mutuwa za ta yi ba. Ya ce ba layi ɗaya-ɗaya za a yi ba, shida-shida za a yi, saboda kurege ɗaya yana iya cinye layi ɗaya ya bar ka da ƙarya a hannu.

Sabuwa ba ta zo don ta koyi komai ba. Amma wanda kansa ya zama fanko, abin da aka zuba yana zama. Duk kalmar da ta fito ta ƙofar nan ta shiga ta sami wuri.

A lambu aka ɗan yi ja-in-ja. Ɗanasabe ya ce a kai layukan Sabuwa can gefen shinge, kada abin ya shafi na matarsa.

"Ai abin da kuka yi shekara biyu ke nan," in ji Malam.

Ya cire hularsa, ya zuba tsakuwa goma sha biyu, shida farare shida baƙaƙe. A kan kowane layi aka sa hannu aka zaro ɗaya ba tare da an duba ba. Fara ta Ladidi, baƙa ta Sabuwa. Ya ce wannan ita ce ƙuri'a, amfaninta kada son ran wani ya zaɓa wa wata ƙasa mai kyau, har da son ransa shi kansa.

Aka miƙa wa Sabuwa ƙoƙo. Shekara guda rabonta da taɓa iri. Ta sa hannu, dawar tana da sanyi, shi ke nan abin da ta ji. Amma hannun bai manta ba. Ya ɗebo, ya jefa, dunduniya ta rufe, rami ashirin a kowane layi, har ta kai ƙarshe ta ajiye ƙoƙon ta tafi daji neman itace.

A kwana na biyar tsiro ya fito, Malam ya tsuguna yana dubawa, sai ya daina murmushi. A layukan Sabuwa rami ɗaya tsiro takwas, wani tara. Biyar aka zuba. Ko dawar da ta fi kowace albarka a ƙasar Katsina ba ta haihuwa a cikin rami. Ya aika a kira matan biyu.

Ladidi ba ta wahalar da shi ba. Ta ce ranar da aka yi shukar, da la'asar, ta biyo ta nan da 'yar dawa a bakin zane, ta bi ramukan faccalarta ta ƙara.

"Me ya kai ki?"

"Malam, in ba ta tsira ba korar ta za a yi. Shekara tara muna daka a turmi ɗaya. In tsaya ina kallo?"

"Yanzu wace ƙwaya ce tata, wace ce taki?"

Ladidi ta dubi tsiron, duk iri ɗaya ne.

"Kin ga, ko duk sun tsira ba su wanke ta ba. Za a ce naki ne suka fito."

Garin neman gira an tashi rasa ido. Ladidi ta fashe da kuka, ta kama zanen Sabuwa tana ba ta haƙuri. Sabuwa ta tsaya tana kallon ta. Ta san wannan ƙauna ce, ta san ya kamata abin ya taɓa ta, ta jira ya taɓa ta, bai taɓa ba.

"Ba komai," ta ce.

Malam ya sa aka tuge tsiron duka. Wannan ne abin da Ɗanasabe ya kasa haɗiyewa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin mai hankali ya tuge lafiyayyar dawa da damina ba, ya rantse da aradu boko hauka ne mai wando. Ga shi kuma gida an gama shuka, gayaunar gindin ɗorawa ce kaɗai ke zaune ciyawa na cin ta, matan gida biyu har sun fara zagaya ta da ido. Ya ce kwana goma ya bayar. Bayan nan ko Sabuwa ko wata, sai an jefa iri a wurin.

Aka sake. Wannan karon Malam ya kewaye lambun da ƙaya, ya sake ƙuri'a shi kaɗai, ya sallami yara da Ɗanasabe zuwa bayan aji. Ya shigo da Ladidi ta shuka nata ta fita, ya shigo da Sabuwa ta shuka nata, ya bi da tsintsiya ya share sawu. Ya rubuta layin kowa a takarda, ya naɗe ya sa a gwangwani, ya ba hedimasta ajiya. Ya gaya wa yara dalili: mai ƙirga in ya san na wa yake ƙirgawa, idonsa yana taya shi ƙarya bai sani ba.

Kwanakin nan goma Sabuwa ba ta bi ta makaranta ba ko sau ɗaya. Ladidi ta rame, ta kasa cin abinci, tana duban sama duk sanda hadari ya taso. Ita mai abin kuwa tana sara itace, tana ɗaurewa, tana kaiwa wani gari. Ta wanke tukwanenta biyu ta kife, ta naɗe tabarmar Labo, don in tafiya ce kada ta tsayar da kowa. Ba ta fatan dawar ta tsira, ba ta fatan ta mutu. Wani lokaci takan tsaya da gatari a hannu ta manta abin da take yi, har inuwa ta matsa.

Ranar ƙirga mutane suka taru fiye da yadda aka gayyata. Dawa ta fito kore shar, layi goma sha biyu, kowanne da 'yan gibinsa nan da can kamar kowace gona. Malam ya ce wa Ɗanasabe, kafin a buɗe takarda, ya shiga ya nuna layukan mataccen hannu. Ɗanasabe ya shekara arba'in yana noma. Ya bi layukan a hankali, hannu a baya, ya je ya dawo, ya tsuguna, ya tashi. Daga ƙarshe ya kafa kara a kan shida da ya ga sun fi rauni.

Yara suka ƙirga ramukan da suka tsira, layi-layi, sau biyu, aka rubuta a allo. Hedimasta ya kawo gwangwani. Cikin shidan da Ɗanasabe ya kafa wa kara, huɗu na matarsa ne. Da aka haɗa lissafi, cikin rami ɗari da ashirin na kowacce, na Sabuwa ɗari da tara suka tsira, na Ladidi ɗari da shida.

"Ashe ni ce mai mugun hannun," in ji Ladidi, tana dariya tana share hawaye.

Nan take wasu suka fara cewa ai dama hannun Sabuwa ya fi, su ne kuwa waɗanda jiya suke kauce mata a hanya. Malam ya ɗaga hannu ya ce a'a. Uku cikin ɗari da ashirin ba bambanci ba ne, aikin tsutsa ne da tsuntsu, in an sake gobe yana iya juyawa. Hannuwan biyu ɗaya suke.

Ɗanasabe ya tsige kararensa ɗaya bayan ɗaya ya zubar.

"Gani ya kori ji," ya ce. "Ƙanwata, gobe ki ɗebi iri a saman tulu. Tsohuwa kau ni zan yi mata magana."

"To, Maigida."

Da irin muryar da ta amsa kora, da ita ta amsa wannan.

Mutane suka watse, yara suka koma aji don rubuta sakamako, Sabuwa ta koma mazauninta na bakin ƙofa tana jiran rana ta yi sanyi. Malam yana bin benci-benci yana duba littattafai. Ya tarar da yawansu sun rubuta cewa hannun Sabuwa ba ya kashe komai. Ya sa aka soke.

"Komai muka gwada? Dawa muka gwada. Ku rubuta: hannun Sabuwa ba ya hana dawa tsira. Kada bakinka ya wuce inda gwajinka ya tsaya."

Da aka tashi, ya fito da littattafai a hammata, ya gan ta nan zaune. Ya yi zaton godiya ta tsaya yi, har ya shirya cewa ba komai.

"Malam, ka ce dawa kaɗai."

"Dawa muka shuka. Amma gero ma haka zai yi. In kina so mu gwada shi baɗi."

"Ba gero nike tambaya ba. Ɗiya fa?"

Sai a lokacin ya gane abin da ta zauna ji a bakin ƙofar nan tun farko. Maganar gayauna damuwar Ɗanasabe ce da Ladidi da shi kansa. Ita tambayarta daban ce, kuma ba wanda ya rubuta ta a allo. Ya ajiye littattafan, ya tsuguna, ya yi mata bayani a hankali. Sanƙarau cuta ce. A bazarar nan ta shiga gidajen da Sabuwa ba ta taɓa takawa ba, ta kashe yaran da wasu hannuwa suka yi jinya. A Maska ma ta kashe, a cikin danginsa.

"Ka gwada?"

"Wannan ba ya gwaduwa, Sabuwa. Amma ki kwatanta da sauran gidajen."

"Gida daban, rana daban, ɗiya daban. Kai ka ce abu ɗaya aka sauyawa."

Da ƙarya ya yi mata a nan, da ba wanda zai kama shi, duniya da lahira. Da ya ce an gwada a Zariya, an gwada a Ingila, an rubuta a littafi, da ta tafi da shi. Malamai nawa suka faɗi abin da ya fi wannan don a zauna lafiya? Amma shi bai iya ba, kuma abin haushin shi ne ita ma da ta gane. Ya koyar da yara talatin wata uku, wadda ta fi su ɗauka ita ce wadda bai sa a aji ba.

Ya tashi ya zagaya bayan makaranta inda gidansa yake. Jim kaɗan ya dawo da 'yarsa Bilki, 'yar wata biyar, Shafa'atu na biye da shi tana tambayar lafiya. Ya tsaya gaban Sabuwa ya miƙo yarinyar da hannu biyu. Bai taɓa kawo hujja irin wannan ba.

"Ba ni da wani gwajin sai wannan. Ɗauke ta."

Sabuwa ta dubi yarinyar. Tana da wuyan nan mai ninki na yaran da suka ƙoshi, tana tsotsar yatsa, tana kallon ta ba tsoro. A karo na farko cikin shekara biyu wani abu ya motsa a ƙirjin Sabuwa, kuma ba daɗi ba ne. So ne, ya zo da zafinsa gaba ɗaya, har sai da ta dafa ƙasa.

"Ɗaya ce, Malam. Ka ce ɗaya ba ta isa shaida ba."

"Na ce. Ɗauke ta duk da haka."

"In kau zatonsu ne gaskiya fa? Dawa in ta mutu, tugewa aka yi a sake."

Ya tsaya da yarinya a hannu, ita tana zaune, Shafa'atu ta rufe baki da gefen mayafi. Can Sabuwa ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki gammo da igiyar itace.

"Mayar da ita wurin uwarta," ta ce. "Rana na dukan ta."

Washegari ta shuka gayaunarta. An makara, amma ta sami dami goma sha ɗaya. Daminar da ta biyo aka mayar da ita gaban layin mata, Tsohuwa da kanta ta miƙa mata ƙoƙo ba tare da ta dube ta ba. Malam Isyaku aka yi masa canji zuwa wajen Funtuwa bayan shekara biyu, ya ci gaba da koyar da gwaji, amma bai sake ba da misali da hannun kowa ba. Sabuwa ta zauna a gidan, tana shuka, tana daka, tana ɗebo wa masu jego ruwa da itace. Yaran gidan sun girma sun san ta da kyautar gyaɗa, tana zuba musu a ƙasa kan faifai su ɗauka da kansu. Ba ta sake ɗaukar ɗan kowa ba.